Malam Bulus Ya Tafi, Batir Ɗinsa Yana Mutuwa

Ina shirin fita aiki da safen nan aka kira ni daga Manchok. Malam Bulus ya rasu.



Shi ya koya mini Bayoloji a sakandare. Bayan ya yi ritaya, ɗakin bayan gidansa ya zama asibitin abin da kowa ke gudu. Kunkurun da wutar daji ta ƙona, ɗan mesar da manomi ya tono da garma, duk wurinsa ake kaiwa. Mutane suna cewa ya zare, shi kuwa dariya kawai yake yi.

Ya taɓa ɗora mini hawainiya a hannu ina ihu. Ya ce, "Rahila, ita ma tsoronki take ji. Ku yi haƙuri da juna."

Halittun nan jikinsu ba ya ɗumi da kansa. Sanyi ya kama su, sai su daina cin abinci, su yi lamo, su mutu. Shi ya sa ya rataya ƙwan lantarki mai zafi a kan kowane akwati. To, kun san wutar wajenmu. Sai ya haɗa sola da inbata da batir. In an ɗauke wuta, falo duhu, talabijin a kashe, amma ɗakin nan da haskensa. In rana ta take, maƙwabta su zo cajin waya, bai taɓa korar kowa ba.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne, bayan an tashi coci. Ruwa kullum, rana ba ta leƙowa, transfoman unguwarsu ya lalace. Na same shi yana tari, yana zuba ruwan zafi a gorar roba, ya naɗe da tsumma ya sa wa ƙananan kunkuru.

Na ce, "Baba, kai ma fa sanyin nan yana cin ka."

Ya ce, "Ni ina da bargo. Batir ne ya gaji, ba ya riƙe caji kuma."

Ɗazu na kira matarsa, Mama Saratu, in yi mata gaisuwa. Ina jin ƙarar inbata a bayanta. Ta ce, "Yarinyata, abin nan yana ta kuka tun jiya, ban san inda zan taɓa ba. Ni ban taɓa shiga ɗakin ba."

Ƙananan kunkurun sun mutu tun yana kwance a asibiti a Kafanchan. Ba a gaya masa ba.

Dangi kuma sun ce a kashe mesar kafin baƙi su cika gida.

Na cire batirin motar maigidana don a haɗa wa inbatar, yanzu zan kama hanya. Na san ba zai kai ko'ina ba. Gidan haya nake, ga yara, ba inda zan ajiye halittun. Duk wanda na kira sai ya ce Allah ya kyauta.

Ubangiji Yesu, ka karɓi bawanka, ka ba shi hutawa. Ka ta'azantar da Mama da 'ya'yansu.

Don Allah ku sa iyalin cikin addu'a. Ku sa da waɗanda suka rage a akwatunan nan, ko da kuna ganin abin dariya ne. Yau ba su da kowa.