Minti Goma Sha Biyar na Gwaggo

Gwaggona malamar firamare ce, shekara ashirin da takwas tana fama da alli. Ba ta da tsawo, amma muryarta har bakin titi ake ji. Kullum kafin darasi sai ta ba yara labari na minti goma sha biyar. Da aka kawo sabon hedimasta, ya ce wannan ɓata lokaci ne, ƙarshen zango zai soke shi, sai fa in ta kawo hujja.

Lokacin ina jami'a, ilimin bincike na ɗibata. Na ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki. Azuzuwa huɗu kike shiga, ko? Ɗaya ki ba su labari, ɗaya littafin zuwa gida, ɗaya duka biyun, na huɗu kuma ko oho."

"Ko oho kamar yaya?"

"Ba labari, ba littafi. Da su za mu auna sauran."

Ta harare ni ta saman tabarau, amma ta yarda. Da so samu ne a cakuɗa yaran da ƙuri'a, sai dai hedimasta ya ce kada a taɓa masa rajista. Don haka muka gwada karatunsu a farkon zango, muka sake a ƙarshe.

Wata uku ina cika baki a gida. Ranar da na baje sakamakon a teburin falonta, gumi ya karyo min. Littafi ya taimaka, babu shakka. Amma masu labari da marasa labari duk kai ɗaya suka tashi. Ba bambanci, ba hujja.

Gwaggo ta hau goge tabarau, ta ƙi kallona.

"Gwaggo, me kika yi?"

"Marasa labarin ma ina ba su, amma lokacin hutu ne kawai. A ƙarƙashin bene."

"Tun yaushe?"

"Sati na biyu."

Na dafe kai. "Kin rusa binciken gaba ɗaya!"

"Kai takarda kake gani, ɗan nan. Ni nake ganin fuskokinsu a taga, suna leƙen 'yan'uwansu na dariya."

Haushi ya kama ni, daga baya kuma kunya ta rufe ni. Hedimasta ya soke minti goma sha biyar ɗin, kamar yadda ya faɗa. Har Gwaggo ta yi ritaya, ba a ƙara ganinta a ofishin malamai lokacin hutu ba. Tana can ƙarƙashin bene, shayinta ya huce, yaran azuzuwa huɗu sun zagaye ta.