Kular Ciyaman Ranar Sunan Autanmu

Ko zan manta sunana, ba zan manta ranar sunan autanmu ba, don har yau in na tuna sai in ji kaina yana hayaƙi.

Lokacin ina ƙaramar sakandare, Babanmu kuma kansila ne. Aka kawo wata doka majalisarsu, wadda za ta hana a riƙa ce wa mutum baƙo wajen rabon taki ko rumfar kasuwa, wai don kakansa daga Borno ko Yobe ya zo, ko don a ruga yake kwana. Mutanen da a nan Azare aka yanke musu cibiya fa! To da yake 'yan adawa ne suka kawo ta, jam'iyyar su Baba ta ce kowa ya ƙi. Baba ya ɗaga hannu tare da 'yan adawa, wani abokinsa ya bi shi, doka ta wuce.

A satin Umma ta haihu. Ranar suna muka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, aka soya masar da za ta ƙosar da Katagum, a kai wa Gamawa ragowa. Ashe ciyaman ɗin jam'iyya na unguwarmu ya bi gida-gida, ya ce duk wanda ya taka ƙofarmu ya bar jam'iyya ke nan. Mutanen da kullum suke cika mana zaure, waɗanda suka san ƙarar murfin tukunyarmu fiye da muryar matansu, ko ɗaya bai leƙo ba. Liman ya raɗa suna a gaban kawunnanmu, da wani dattijo Babarbare mai sayar da hula, da Arɗo da mutanensa. Baba na ta gyara zama yana kallon hanya. Wannan kallon shi ya fi ƙona mini rai.

Da hantsi sai ga matar ciyaman ta ƙofar baya, ta ja mayafi har hanci, rungume da kula mai girman randa.

"'Yar nan, Alhaji ya ce a zuba mishi masa, miya da yawa. Kada ki bari kowa ya gani."

Na ce, "Au! Hajiya, ƙafarsa ce kawai ke jam'iyya, cikinsa bai yanki kati ba?"

"Ke, ba na son fitsara. Karɓi!"

Na karɓa. Na nufi madafi, na tsinto ƙonannun da aka ware wa awaki, baƙaƙe ƙirin kamar tayar acaɓa, na dinga antaya yaji har kaji suka fara atishawa. Gwaggonmu ta gan ni. Maimakon ta hana, sai ta miƙo mini wani kwanon yajin.

Ina rufewa Baba ya shigo. Ya tambaye ni kular ta wa ce, na faɗa. Ya buɗe, tari ya sarƙe shi.

"Juye," in ji shi. "Ki wanke, ki zuba mai kyau. Ki ɗora hantar ragon a kai."

"Baba! Mutumin da ya kunyata ka a gari?"

"Uwata, a gaban jama'a na ɗaga hannu cewa kada a ware kowa wajen rabo. Ba a tukunyar gidana za a fara karya dokar ba."

Ina kuka ina zubawa. Hajiya ta karɓa, ko sannu babu, ta sulale.

Kada ku zaci ciyaman ya ji kunya. Da zaɓe ya zo, shi ya fara miƙewa ya ce a hana Baba takara, aka kuwa hana shi. Dattijon nan mai hula dai ya samu rumfarsa, kuma kullum na wuce sai ya kira ni mu gaisa.

Abin da na koya a ranar shi ne, adalcin da za ka yi wa wanda kake so kaɗai ba adalci ba ne, sai ka iya yi wa wanda ya cuce ka. Na yarda da Baba, wallahi na yarda. Amma hantar nan, har gobe ban yafe ba.