Gonarka Tana Jingine, Malam Sodangi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha biyu ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Sodangi Karofi, mai awon wake a kasuwar Dutsin-Ma, bayan fama da hawan jini.

Malam, kowa ya san mudunka a cike yake. Shekarar da ƙwari suka cinye mini wake a Rawayau, kai ka ɗoro iri a babur har ƙofar gidana, ka ce in na girbe ma yi magana. Na girbe, na zo da maganar, ka ce shayina yana hucewa.

Irin wannan mutum Alhaji Mas'ud, maƙwabcinka a kasuwa, ya maka a babbar kotu, wai shagon da ka gada nasa ne. Ya san ƙarya yake yi. Yau lauyansa ba lafiya, gobe shaida ya yi tafiya, kai kuwa sai ka rufe awo ka wuni a bencin kotu. Ka nemi sulhu, ya ƙi. Sai da ka jinginar da gonarka ta Karofi don biyan lauya.

Alƙali ya kori ƙarar, ya ce an shigar da ita ne don a wahalar da kai. Saboda haka ba ɗan kason da aka saba ɗora wa wanda ya faɗi shari'a ba, duk abin da ka kashe Mas'ud zai mayar maka. Ka ce mini da an biya za ka fanshi gonar. Mas'ud ya yi ta jan biyan har ka kwanta dama.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wurin jana'izarka ya faru. Liman ya tambayi masu bin ka bashi, sai Mas'ud ya ɗaga murya: "Ni dai na yafe ma marigayi duk abin da ke tsakaninmu." Ka yafe me, Alhaji? Wa ke bin wa? Wallahi darajar gawa ce ta hana ni tanka maka.

Ba a yi sadakar uku ba ya turo dattawa wurin Larai, matarka, tana cikin takaba, wai a bar maganar kotu tunda ƙasa ta rufe ido. Daga bayan labule ta ce wa babbansu: "Baba, ba nawa ba ne balle in yafe, na marayu ne. Ya fanso masu gonar ubansu, sannan ya zo gaisuwa."

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya sa wahalar nan ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Larai, da 'ya'yanka Talha da Batula, da mutanen Karofi baki ɗaya. Shi kuma Alhaji Mas'ud, Allah Ya ara masa kwanan da zai biya tun a nan, don can ba a ɗage zama.