Bargon Lardunan Goggo Ummu Salma

Kakan Goggo Ummu Salma ya taso daga Katsina da niyyar zuwa Makka a ƙafa. Da ya iso bakin kogin Shari ya zauna ya huta, hutun da bai ƙare ba har ya aurar da jikoki. Goggo ta gaji wannan halin: ta haura shekara sittin, iyakar tafiyarta unguwar Farcha, can ma gaisuwar mutuwa ce ta kai ta. Amma duk unguwarsu ta Habbena a N'Djamena babu mai ja da ita a kan labarin lardunan Chadi.

Sana'arta ɗinki. Takan shiga kasuwar Grand Marché ta kwaso guntayen atamfa wajen teloli, ta yanka su murabba'i, ta harhaɗa su bargo. Duk macen da ta kawo ɗinki sai ta sha tambaya: me ake nomawa a garinku, me ake ci? A haka ta fara ba kowane lardi gidansa a jikin bargon. Borku ta sami dabino, Logon auduga, Gera duwatsu, lardin Tafki kuma saniya mai manyan ƙaho. Giwar da ta yi wa Salamat dai kowa ya gani sai ya ce ɓera ne, ita kuwa ta ce daga nesa aka hango ta.

Ba ta sayarwa sai ta yi wa mai saye jarrabawa. Wani direba, Falalu, da ke taƙama ya zaga ƙasar kaf, ya kasa faɗin babban birnin Gera.

"Mongo ne, ɗan nan," in ji ta. "Barci kake yi a kan sitiyarin?"

Ya tafi ba bargo.

Rigima ta tashi ne ranar da ta shanya sabon bargo a tsakar gida. Maƙwabciyarta Hansatu, wadda mahaifiyarta 'yar Kanem ce, ta tsaya tana kallo, can ta riƙe ƙugu.

"Yaya, ina kai, ina ƙafa a bargon nan?"

Goggo ta nuna mata.

"Wato Kanem kika ajiye wa kaushin mutane?"

Goggo ta juya bargon. Sai Murja mai ƙosai, da ke auren mutumin Abeshe ta lardin Wadai, ta ce ai yanzu Wadai ce a ƙafa, kuma wallahi ba za ta saɓu ba. Kafin la'asar gidan ya cika da mata, ana ta musu da Hausa da Larabci, har wadda ba ta san inda Tibesti take ba ta tsaya mata.

Goggo ta sauke bargon daga inda ta shanya shi. Ta ɗauko reza ta farke layin ƙasa, ta hau keken ɗinki ta jera ƙyallaye masu ruwan toka daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wannan kuma wane lardi ne?" in ji Hansatu.

"N'Djamena. Dukanku kun zo kun tattake ta, ba ta taɓa kai ƙara ba."

Aka kwashe da dariya, Murja ta ce a ajiye mata bargon. Goggo ta ce to, amma sai ta faɗi kogunan da suka haɗu a birnin nan. Murja ta faɗi ɗaya, ta ce mai yana kan wuta, ta fice neman wanda zai gaya mata ɗayan.