Milud da Faifan Kaddur

A unguwar Sidi Hawari ta birnin Wahran, kowa ya san Si Milud mai gyaran firji, kuma kowa ya san abin da ba a yi a shagonsa. Kana iya zagin gwamnati, kana iya kushe ƙungiyar ƙwallonsa, zai yi dariya ya miƙo maka kofi. Amma kada ka kuskura ka shigo kana rera wata waƙa daga faifan nan mai suna Jirgin Asuba.

Milud da Kaddur tare suka tashi, gida na kallon gida. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya bar wa Milud tsohuwar jita da faya-fayan kiɗan buluz na baƙaƙen Amurka, irin wanda jita ke kuka kamar mutum. Milud ya koya da kunne, sannan ya zaunar da Kaddur ya riƙa kama masa yatsu yana ɗorawa a kan tsirkiya. Suka samo mai ganga da mawaƙi, suka riƙa kiɗa a bukukuwa da gidajen shan kofi na bakin teku. Milud ne gaba, Kaddur na bayansa yana cike gurbi.

Ana cikin maganar wani mai kamfanin faifai zai ɗauki kiɗansu, sai aka kira Milud aikin soja na dole, aka tura shi kudu dashen itatuwa. Kaddur kuwa aka sallame shi saboda idonsa ɗaya ba ya gani sosai. Wata rana da hantsi, Milud na wanke tukwane a bariki, ya ji rediyon mai dafa abinci ya saki kiɗan da shi ya ƙirƙira a soron gidansu. An yi faifan ba shi, Kaddur ne ke kaɗa jitar. Ya tsaya da soso a hannu har aka gama.

Da a ce Kaddur ya ɓata kiɗan ne, da Milud ya samu abin faɗa. Bai ɓata ba. Inda Milud ke zuba yatsu da gudu, Kaddur ya ja abin a hankali, ya bar shiru a tsakani, har mai sauraro ya riƙe numfashi. Milud ya ji ya fi nasa daɗi, kuma wannan ne bai taɓa yafewa ba.

Kafin Milud ya dawo, Kaddur ya haye teku zuwa birnin Marsiliya, ƙungiya ta watse. Faifai ɗaya tak suka yi, wato Jirgin Asuba, amma ya ƙi mutuwa. Ya koma kaset, ya shiga motocin haya, daga baya ya shiga wayoyin yaran da ko iyayensu ba a haifa ba lokacin da aka buga shi. Milud ya je gyaran firji gidan likita ya tarar da shi, ya je gidan mai sayar da kifi ya tarar da shi. Hatta matarsa Yamina, in tana murza kuskus, shi take rerawa ƙasa-ƙasa.

"Duk waƙoƙin duniya sun ƙare ne?" in ji shi.

"To ni me zan yi, Baban Nasira? Shi ke zuwa bakina."

"Ai nawa ne. Ni na yi shi."

"To ka ga ashe kai nake yabo," ta ce, ta ci gaba da abinta.

Kaddur ya sha aiko gaisuwa. A wata hira da aka yi da shi a rediyo har ya ce Milud ne malaminsa. Maƙwabta suka zo da murna suna faɗa masa. Milud ya ce, "Sadaka ya ba ni ke nan a bainar jama'a," ya juya ya ci gaba da kwance injin.

Sai da furfura ta gama cinye su sannan Kaddur ya dawo gida, a keken marasa lafiya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wasu matasa suka shirya taron tunawa da faifan a babban zauren wasanni na gari. Ƙanwar Kaddur ta turo shi har ƙofar shago.

"Kai, tsoho," Kaddur ya ce da karkataccen baki, "har yanzu kana fushi?"

"Wa ya ce maka ina fushi? Aiki ne ya yi mini yawa."

"Hannun ya tafi, ɗan'uwa. Yaran nan sun iya, amma kwaikwayo suke yi. Zo ka kaɗa."

Milud ya so ya ƙi. Amma duk shekarun nan bai bar jita ta yi ƙura ba, kullum bayan la'asar yana kaɗawa a ɗaki shi kaɗai. Ya ce a ransa yau mutanen Wahran za su ji abin yadda mai shi ya yi shi.

Ranar taro zaure ya cika har tsaye. Aka ajiye Kaddur a gefen dandamali. Da aka zo wurin da kowa ke jira, Milud ya saki yatsu, ya zuba shi da gudu irin na soron gidansu, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sai ya ji wani abu na tasowa daga cikin jama'a. Rerawa suke yi da baki, dukansu, a hankali, suna tsayawa daidai inda Kaddur ya tsaya a faifai. Muryarsu ta danne lasifika. Dole ya sassauta ya bi su. Da aka gama, matasa suka ɗaga Kaddur da kekensa sama suna kiran sunansa. Milud ya naɗe wayar jitarsa, wani yaro ma ya tambaye shi ko shi ne mai kula da kayan wuta.

A waje Kaddur ya kamo hannun rigarsa. "Ka yi sauri, kamar kullum."

"Kai kuma ka yi surutu, kamar kullum."

Kaddur bai koma Marsiliya ba. Ƙanwarsa na da ciwon baya, don haka Milud ne ya koma tura shi bakin teku da yamma, ya saya masa karantika, wani irin alale na garin wake, mai zafi a cikin burodi, ya goge masa baki in ya zuba. Masu wucewa su tsaya su ɗauki hoto da Kaddur, su miƙa wa Milud waya ya ɗauke su. Yakan ɗauka, amma sau da yawa sai an duba a ga rabin kan Kaddur babu.

Da hunturu na biyu ya zo, Kaddur ya rasu. Milud na cikin waɗanda suka yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Ya dawo gida da ƙasa a gwiwar wando, ya zauna. Yamina ta ajiye masa kofi.

"Kin ga jama'a kuwa?" in ji shi. "Har titi aka rufe. Ranar tawa jana'izar ko rabin haka ba za su kai ba."

"Allah Ya shirye ka, Baban Nasira," ta ce. "Sha kafin ya huce."