Sifirin Malam Sabitu a Bakin Kogi

Malam Sabitu ɗan gidan 'yan kasuwa ne a Nguru. Kowa a gidansu shago ya riƙe, shi kaɗai ya riƙe alli. Da aka tura shi Gashua koyar da lissafi, mahaifinsa cewa ya yi, "Je ka gwada. Ranar da ka gaji, ga shago nan."

Ya kuwa kusa gajiya. Yaransa akwai hadda, in ya faɗi abu sai su amsa har maƙwabta su ji, amma ka ɗan juya tambayar, sai ido. Lambobin da ke ƙasa da sifiri su suka fi ƙona masa rai. Mas'uda, wata 'yar masunta mai bakin tsiya, ta taɓa ce masa, "Malam, sifiri ai babu ke nan. Me zai gaza babu?" Aji ya kwashe da dariya. Nan Malam Sabitu ya ƙudurta a ransa, in zangon ya ƙare ba su gane ba, Nguru zai koma.

Bayan damina yana yawo a bakin kogi, sai ya ga turken da masunta ke ɗaure kwalekwale, da wani tsagi a jikinsa daidai fuskar ruwa. Suka ce masa muddin ruwa ya rufe tsagin, kwalekwale zai shiga fadama, in ya sauka kuwa sai baɗi.

Washegari ya kwaso ajin kaf. Ya goga alli a tsagin ya ce, "Daga yau sunansa sifiri." Duk Alhamis suka riƙa zuwa suna auna ruwan da hannu, ruwan kuma yana ta ja da baya. Ran nan Mas'uda ta tsuguna ta auna, ta ce, "Taƙi biyu ƙasa da sifiri." Sai ta kalli ƙafarta a jiƙe cikin ruwan. "Malam! Ashe ƙasan sifiri ma akwai ruwa!"

Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Yau furfura ta cika masa gemu, amma bai daina gode wa Allah da ya haɗa shi da yarinyar da ta ƙure shi ba. Yakan ce yaro bai san abu ba sai ya taɓa shi da hannunsa.

Da hutun wancan zangon ya je Nguru, mahaifinsa ya miƙo masa makullin shago. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a ba ƙanena Munzali. Yara na jirana."