Ɗaya Cikin Huɗu

Lokacin da nake koyar da lissafi a wata makaranta a Omdurman, darasin da na fi so shi ne ihtimalat, wato lissafin yiwuwar abu. Nakan zuba wake huɗu a kofi, uku farare ɗaya ja, in ce wa yara a ƙa'ida fitowar jan ɗaya ce cikin huɗu. Sai kowa ya rufe ido ya zaro, ya mayar, ya sake. Wani jan ya yi ta fito masa a jere, wani ko sau ɗaya bai gan shi ba, aji ya kaure da gardama. Sai mun haɗa na kowa a allo sakamakon yake matsowa kusa da abin da littafi ya faɗa.

Ni kuwa na san wannan adadin tun daga wani wuri. Ni da matata 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma dukanmu muna ɗauke da ƙwayar sikila ba mu sani ba, sai da 'yarmu ta fari ta soma kumburin hannu da ƙafa tun kafin ta iya tafiya. Likita ya ce kowane ciki, ɗaya cikin huɗu ne. A hafila, wato motar bas, hanyarmu ta komawa unguwarmu Dar Salam, na yi ta lallashin matata cewa ukun da suka rage namu ne. Na biyu ya zo namiji, shi ma da ciwon.

Shekarar da ajin babbar ya kai wannan darasi, tana kwance a asibiti da ciwon ƙafa. Uwarta na da tsohon ciki, don haka ni nake jinya da rana. Ta matsa sai na kawo mata aikin makaranta, kada a wuce ta. Ranar babu wuta, fanka ta tsaya, mata sai fifita suke wa 'ya'yansu da kwali. Na riƙe mata kofi tana zarowa da hannun da ba a sa wa ƙarin ruwa ba.

Can ta tsaya, ta ce, "Baba, ɗazu na ji likita yana gaya wa matar can ɗaya cikin huɗu. Irin namu ne?"

Na ce, "Irin namu ne."

"To ni na ɗauka, ƙanena ya ɗauka. Ai mun wuce rabonmu. Ke nan wanda ke cikin Umma ya tsira."

Na so in ce mata e. Amma yarinya ce mai kai, kuma kwana kaɗan za ta gano da kanta. Na tambaye ta waken da ta zaro ɗazu ina ta sa shi. Ta ce ta mayar cikin kofi.

Na ce, "To haka ne, 'yata. Kowane karo sabo ne. Abin da ya fito ɗazu ba ya rage komai."

"Amma kai ka ce in an yi ta yi yana daidaituwa."

"In an haɗa gidaje da yawa, na Omdurman da Bahri da Khartoum gaba ɗaya. A gida ɗaya ba dole ba ne."

Ciwon ya taso, ta juya wajen bango tana cije gefen mayafinta. Na je neman nas, ta ce lokacin allura bai yi ba. Na dawo na zauna ina matsa mata ƙwauri, na san ba ya rage komai, amma ban san me zan yi da hannuna ba.

Aka haifi mace. Da ta yi 'yan watanni na haye gada da ita muka kai jininta gwaji a Khartoum. Ranar da na karɓo sakamakon, matata tana wanki a tsakar gida. Ta dubi fuskata sau ɗaya, ta sunkuya ta ci gaba da cuɗa rigar da ke hannunta.

Babbar ce ta taso tana ɗingishi, ta ɗauki jaririyar daga tabarma, ta buɗe 'yan yatsunta tana dubawa. Sannan ta ce, "Umma, a ƙara mata riga da yamma. Sanyi ne yake fara tayar da ciwon."